KANKARE TSOHON FENTI KAFIN A SHAFA SABO

Jawabi ga 'yan ajin manya na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

 

Yau maganar mota za mu yi, amma ba ta inji ko ta taya ba, maganar fentin jikinta. Watakila wani ya ce, ina ruwan manomi da fentin mota? To, da ruwansa. A ƙasarmu da wuya ka sami gari ko unguwar da ba mai a-kori-kura, ko mai bas, ko mai babur mai ƙafa uku. Raken Maƙarfi da na Kudan, da mazarƙwaila, da tumatirin Ikara, da barkono da masara, duk a bayan mota su ke fita, waɗansu zuwa Zariya da Kano, waɗansu har Ikko, watau Legas. Kowace shekara in an sayar da amfani, kuɗi sun shigo hannu, sai ka ga an kai motoci gareji a sake musu fenti. Har wa yau kuma da yawa daga cikinmu sun kai 'ya'yansu koyon gyaran jikin mota, a nan kusa, ko a Sabon Garin Zariya, ko a Panteka ta Kaduna. Saboda haka maganar ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi lafiyar yaranmu.

Ga abin da ya kan faru. Mutum ya biya kuɗin fenti, mota ta fito tana walƙiya kamar amarya. Kafin a ga damina biyu, fenti ya fara ƙuraje, ya tsattsage, ya shiga ɓarewa kamar ɓawon rogo. Sai mai mota ya ce an sa masa fentin jabu. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma galibi laifin ba na sabon fenti ba ne, na abin da aka bari a ƙarƙashinsa ne.

Kowa a nan ya san yaɓe. In bango ya tsufa, tsohon yaɓe ya ɗaga, magini na kirki ba ya ɗora sabuwar ƙasa a kai haka kawai. Sai ya bi ya ƙwanƙwasa, ya ji inda ya saki, ya kankare, ya yayyafa ruwa, sa'an nan ya yaɓa. Mata kuma sun sani, in hannu da maiƙo, lalle ba ya kamawa. Waɗannan abubuwa biyu su ne ke ɓata fentin mota, watau tsoho da ya saki, da maiƙon da ke hana kamawa.

Bari mu fara da sanin abin da ke jikin mota. Mu kan ce "fenti" kamar abu guda ne, alhali kuwa riguna ne, wata bisa wata. Can ciki akwai ƙarfe, wanda a ƙananan motoci kaurinsa bai kai milimita 1 ba. A motoci da yawa na yanzu an lulluɓe ƙarfen da tutiya, irin wadda ke hana kwanon rufi yin tsatsa da wuri. Bisa wannan akwai rigar da a ke sa wa mota a ma'aikata. A kan tsoma gangar motar ɗungum cikin wani ƙaton tanki na fenti, a saki lantarki a ciki, fentin ya bi kowane lungu ya manne, kāna a gasa ta a tanderu. Kamfanin Ford na Amurka ya soma aiki da wannan dabara a farkon shekarun 1960, daga baya sauran maƙera motoci suka bi. Sa'an nan sai fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira firaima. Sai launi. Daga bisani sai ruwan ƙyalli marar launi, mai kama da gilashi, wanda ya yaɗu tun shekarun 1980. Duk rigunan nan in an haɗa su, kaurinsu bai fi na takardar littafin da ke hannunku ba, sai da kaɗan.

Ku riƙe wannan da kyau: rigar nan ta ma'aikata, wadda aka sa da lantarki aka gasa, babu garejin da zai iya mayar da irinta, ko a Kano ko a Kaduna. Don haka inda ta ke lafiya lau, ba a taɓa ta. Masu ɓata aiki iri biyu ne. Akwai wanda ba ya kankare kome, ya fesa kawai. Akwai kuma wanda ya ke gurje mota duka har ƙarfe don a ce ya yi aiki. Na biyun ya sha wahala ya kuma zubar da abin da ya fi kome tsare motar daga tsatsa.

To, bayan mota ta bar ma'aikata, mu kuma sai mu yi ta ƙara mata waɗansu riguna don tsaro. Akwai folish mai kaki da a ke gogawa ta yi sheƙi. Akwai ruwan feshi na gwangwani da yaran wankin mota ke fesa wa taya da gaban direba, wanda ke da wani abu mai santsi a ciki, sunansa silikon. Akwai leda mai gam da a ke manna wa goshin mota da ƙofofi don kada tsakuwa ta ƙwarzane su. Akwai sitika, da rubuce-rubuce na kirari da addu'a, da hoton zaki ko na doki. A ƙarƙashi akwai baƙin abu mai kama da kwalta. Direbobinmu kuma waɗansu su kan shafa baƙin mai a ɗakin kaya don gudun tsatsa. A birane yanzu har akwai wani ruwa da a ke shafawa ya bushe ya yi tauri, ana ce masa seramik.

Dukan waɗannan aikinsu ɗaya ne, su hana wani abu mannewa a jikin mota, ko ruwa, ko ƙura, ko kashin tsuntsu. Sabon fenti kuwa so ya ke ya manne. Kun ga ke nan abin da ya tsare tsohon fenti shi ne babban abokin gāban sabo. Silikon ya fi su duka mugunta. Ɗan kaɗan da ido ba ya gani ya isa. In aka fesa fenti a kansa, fentin sai ya gudu ya bar ƙananan ramuka zagayayyu kamar idon kifi. Mai fenti ya ƙara fesawa don ya rufe, su sake buɗewa. Ko a can gefe wani yaro ya fesa wa tayar wata mota, iska ta kwaso, ya wadatar ya ɓata aikin yini guda.

Saboda haka aikin farko wanki ne, ba gurza ba. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Da an kawo mota sai yara su ɗauki samfefa su hau gurza. In ka gurza kafin ka wanke, ka tura kakin da maiƙon cikin ƙwarzanen da samfefa ta yi, ka kuma yaɗa su ko'ina. Sai a fara wanke motar da garin sabulu irin su Omo, da ruwa mai ɗumi, a bi gefen ƙofofi da bakin gilashi da wajen zuba mai. In ta bushe, a goge da ruwan cire maiƙo wanda masu sayar da kayan fenti ke sayarwa musamman don wannan. Tsumma biyu a ke riƙewa, masu tsabta. Ɗaya a jiƙa a shafa, ɗaya busasshe a bi baya nan da nan a ɗauke, tun ruwan bai bushe ba. In an bari ya bushe da kansa, maiƙon ya koma inda ya ke. Kada a yi wannan da kananzir ko man gas, domin su kansu maiƙo ne. Fetur kuma ga barin datti, ga jawo gobara.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko kaki ya fita. Ku watsa ruwa. In ya dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa kamar a kan ganyen gwaza, da saura. In ya baje ya kwanta sumul, an yi. Amma seramik ba ya jin sabulu, ba ya kuma jin ruwan cire maiƙo. Shi sai an gurje shi da samfefa mai laushi. Don haka in ka san an taɓa shafa wa motarka shi, gaya wa mai fenti tun da fari.

Leda da sitika kuwa zafi su ke so, da haƙuri. A ajiye motar a rana ta ɗauki ɗumi, ko a zuba ruwan zafi, ko a hura da na'urar busar da gashi irin ta masu gyaran kai. Gam ɗin zai yi laushi. A ɗaga gefe da farce ko da ɗan ɓallin roba, a riƙa ja sannu sannu. Ba a fizga, ba a kuma sa reza ko wuƙa, domin kowane yanka da aka yi har ƙarfe, ƙofa ce aka buɗe wa tsatsa. Ledar da ta shekara da shekaru a ranar ƙasarmu ta kan bushe ta tsattsage, ta ƙi fita sai guntu guntu. Wannan aikin yini ne, wani lokaci har biyu, kada ku ga laifin yaro. In ledar ta taso da fenti a bayanta, kada ranku ya ɓaci, ta nuna muku ne cewa fentin da ke nan dā ma bai kama ba. Sauran gam da ya rage a jiƙa shi da ruwan cire gam a goge. Rubutun da aka yi da buroshi shi ma sai an gurje shi ya yi daidai da sauran jiki. In ba haka ba, bayan wata biyu sai ka ga tsohon kirari ya fito a ƙarƙashin sabon fenti, ana karantawa sarai.

In an gama da rigunan waje, sai a tambayi tsohon fentin kansa, ko zai iya ɗaukar sabo. Ana gwada shi. A jiƙa tsumma da tina a danna a wani lungu kamar minti ɗaya. In fentin ya yi laushi, ko ya yamutse, ko launinsa ya biyo tsumma, to, ba zai jure ba, tilas a cire shi. Haka fentin mai na gwangwani, irin na ƙofar gida, wanda a kan shafa wa tsofaffin motoci don araha, ya kan yi. Sa'an nan a tsaga ɗan wuri da bakin wuƙa, tsaye da kwance kamar gidan dara, a manna salatif a fizge. In ya taso da ɓarɓashi, fentin ya saki. Gwaji na uku na maganaɗisu ne, ko da na tsohuwar rediyo. A bi jikin motar da shi. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe na kusa. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da fila, watau ƙullin nan da a ke cike lotsawa da shi. Sai dai ku tuna bamba ta roba ce, waɗansu motoci kuma murfin injinsu na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama su ko da lafiyarsu ƙalau. Wannan gwaji zai amfane ku har ranar da za ku sayi mota.

Ku dubi tsofaffin Peugeot ɗin nan da ke ɗaukar mana kaya. Tun 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, waɗansu 504 na nan na aiki har yau. Irin wannan mota ta sha fenti sau huɗu ko biyar, kowane mai ita da launinsa. In ka gurza gefe ɗaya sai ka ga launuka sun jeru kamar zanen saƙi. Fenti in ya yi kauri haka, ba ya iya bin ƙarfe sa'ad da ya ke miƙewa da zafin rana ya kuma tsuke da sanyin dare, sai ya tsage. Ita kam sai an sauke mata kaya, a koma ƙasa.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi mana rana. Ku juya bayan samfefa, za ku ga lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba mai laushi. Lamba 80 ta cire fenti da tsatsa ce. Lamba 180 ta share ƙwarzanen da 80 ta bari. Lamba 320 ta gyara wuri kafin a fesa shimfiɗa. Daga 400 zuwa 600 kuwa ta lallashin shimfiɗa ce kafin launi. Ba a tsallake daga 80 a faɗa 400, domin mai laushi ba ta iya share ramin mai kaushi, kuma duk ƙwarzanen da aka bari zai fito a fuskar sabon fenti. Inda tsohon fenti ke da lafiya, abin da a ke bukata kaɗai shi ne a kashe ƙyallinsa da mai laushi, ya yi dishi-dishi, don sabo ya sami abin kamawa. Inda aka kai ƙarfe kuma, sai a bi bakin wurin a sassauta shi, ya gangara a hankali, har in ka shafa da tafin hannu ba za ka ji gaɓa ba. A naɗa samfefa a jikin ɗan katako mai lebur. Yatsu kaɗai su kan bar kwari.

Masu gaggawa suna da hanyoyi uku, kowace da haɗarinta. Ta farko injin gurza. Yana da sauri, amma in aka daɗe a wuri ɗaya ƙarfen ya kan yi zafi ya lanƙwashe, ya kuma ƙara sirancewa. Ta biyu wuta. A kan kunna wutar walda a babbake fenti. Wannan kam mu ba mu yarda da ita ba ko kaɗan. Tana murɗe ƙarfe, tana ƙone tutiya, tana ƙone rigar da ke bayan ƙarfen inda hannu ba ya kai, hayaƙinta kuma dafi ne. Ta uku ruwan da ke narkar da fenti. Mafi ƙarfinsa yana da wani magani a ciki, metilin kuloraid, waɗansu gwangwanaye su kan taƙaita sunan da haruffa uku, DCM. In mutum ya shaƙe shi, jiki ya kan juya shi ya zama irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutane a ɗaki rufe. Ya kashe ma'aikata a ƙasashen waje, har Tarayyar Turai ta yanke hana sayar wa jama'a shi a 2009, Amurka ta hana a 2019. In ya zama dole, to, a fili, a inuwa, inda iska ke kaɗawa, ba a cikin shago ba, ba a cikin bas da tagogi rufe ba. Sodar yin sabulu ita ma waɗansu na jiƙa ta su shafa. Tana cin fata, ɗigo ɗaya na iya makantar da ido, tana kuma cinye alminiyam. Kowane gwangwani kuka ɗauka, ku nemi hoton da ke jikinsa. Harshen wuta, abu ne mai kamawa. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa, guba ce.

Tsatsa kuwa mun san gidanta. Ɗakin kayan a-kori-kura shi ne ya fi shan wuya a ƙasarmu. Ruwan tumatir na da tsami, yana tsiyaya daga kwando tun daga Ikara har inda za a sauke. Takin zamani da ya zube daga buhu yana jan laima yana cin ƙarfe. Ga fitsarin dabbobi ranar kasuwa, ga ganyen rake da ke maƙalewa a lungu ya riƙe ruwa. Motocin da a ke kawowa daga Turai da Amurka ta Kwatano kuma da yawa da ciwonsu su ke zuwa, domin a can a kan watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarƙashin mota. Tsatsa ba a rufe ta, sai a gurje har ƙarfe ya yi fari. In wuri ya huje, a yanke a yi waldar sabon ƙarfe. Wanda ya cusa takarda ko buhu a rami ya shafe da fila, ya sayar maka da damina ɗaya ne kawai.

Ƙarfen da aka tsiraita kuma ba ya kwana. Da damina, kafin gari ya waye raɓa ta sa ya yi ja. Ko tafin hannu mai gumi aka ɗora, wurin zai yi tsatsa. Saboda haka a gurje gwargwadon abin da za a iya rufewa da shimfiɗa a ranar, ƙofa ɗaya ko biyu, gobe a ci gaba. Da hunturu laima ba ta da yawa, amma ƙura ce abin tsoro, sai a yayyafa ruwa a ƙasa, a sake goge jikin kafin a fesa.

To, jama'a, duk wannan maganar kuɗi ce. Saura wadda ta fi kuɗi. Fentin da aka kankare, ina ya ke zuwa? Ya zama gari, ya sauka a ƙasa, a riga, a gashi, a hannu. Shekaru da yawa masu yin fenti na zuba dalma a ciki, don launi ya yi kyau, ya bushe da wuri, ya kuma hana tsatsa. Rawaya da ruwan goro da ja su suka fi yawanta. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fentin da a ke sayarwa a Ibadan ya sami dalma mai yawa a mafi yawansu, rawaya ce kan gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawara kada dalmar fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma wannan bai cire wadda ta riga ta hau jikin tsofaffin motoci ba. Ido ba ya rarrabe mai dalma da marar ita. Don haka duk tsohon fenti, ku ɗauke shi kamar yana da ita.

Mun ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane na kawo duwatsun zinariya gida suna daka suna niƙa a tsakar gida, ashe duwatsun cike su ke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Can dutse ne, nan fenti ne, kuma garin fenti bai kai wancan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, hanyarta kuma ɗaya, daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma a jinin yaro da za a ce ba kome. Kaɗan ɗin ba ya kayar da yaro a ga ciwo. A hankali ya ke taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya yi nauyin fahimta, ya kasa riƙe karatu, jininsa ya ragu, a yi ta cewa daƙiƙi ne. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya dawowa. Mace mai ciki ita ma ta kan miƙa wa ɗan da ke cikinta.

Saboda haka kada a gurza mota ko babur a tsakar gida, ko a ƙofar gida inda yara ke wasa, ko kusa da rijiya. Kada a yi kusa da shanyar barkono da tumatir da masara, wadda mu kan baza a bakin hanya. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin mota ta tare garin, in an tashi a yayyafa ruwa a tattara a ƙulle. Ba a share shi da tsintsiya a bushe, ba a kuma zuba shi a bola, domin bolarmu gona ta ke komawa. Gurzar tsohon fenti da ruwa ta fi, da samfefar da aka yi don ruwa, gama ƙura ba ta tashi. Sai dai ba a jiƙa fila, domin tana shan ruwa, ƙarfe tsirara kuma a tsane shi nan take. Wajen gurza a bushe a sa abin rufe hanci na ainihi, wanda ke kama fuska ba ya barin kafa, irin mai lamba N100. Hankici ko bakin rawani ba ya tare garin nan, ya fi ƙarfinsu laushi.

Iyayen 'yan koyo, wannan taku ce. Galibi ƙaramin yaro a ke ba gurza, don ana ganin ita ce aikin da ba ya bukatar gwaninta. Ku je garejin ku gani da idonku. Za ku tarar da yaro fari fat da gari, ya sayi rake yana ɓarewa da haƙori, yana riƙe da shi da hannun nan, ko yana cin gyaɗa. Ku roƙi maigidansa, cikin mutunci, ya ajiye ruwa da sabulu, kowa ya wanke hannu da fuska kafin ya kai wani abu baki. Ba da tina ko fetur ba, su suna ratsa fata. Kayan aiki su tsaya a gareji. In an kawo su gida wanki, a wanke su daban, kada a haɗa da na ƙannensa, kada kuma ya ɗauki jariri sai ya yi wanka. Gwangwanin fenti da ya ƙare ba na ɗiban ruwa ba ne, ba na kunu ba ne, ko an wanke shi. Akwai kuma zancen da ya yaɗu, wai in an sha madara bayan aiki ta wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki ta ke zuwa, ba huhu ba, ba ta fitar da abin da aka shaƙa. In yaro ya faye ciwon ciki da ciwon kai da kasala, ko tari da shessheƙa, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita irin aikin da ya ke yi.

Kai kuma mai mota, in za ka yi ciniki, kada ka tambayi kuɗin fenti kaɗai. Tambayi abin da za a cire, da inda za a kai ƙarfe, da inda za a yi walda. Wanda ya ce ka kawo yau ka ɗauka gobe, ka san ba zai kankare kome ba. Ku rubuta abin da kuka shirya a takarda, tun da yanzu hannunka ya iya, kowa ya riƙe tasa. Ka raba biya kashi kashi. Ranar da ya kamata ka je duba aiki ita ce ranar da motar ta fi muni, an gurje ta, ta yi dabbare-dabbare, ba a fesa kome ba tukuna. Ran nan ne za ka ga tsatsar da aka bari, da kaurin fila, da sitikar da aka ƙi cirewa. In launi ya hau, ba abin da za ka ƙara gani. Shi ma mai fenti a yi masa adalci. Kankara ita ce ta fi cin lokaci a aikin duka, in ka matse shi a kuɗi, a nan zai rage.

In mota ta fito, kada a yi saurin mayar mata da rigunan tsaro. Sabon fenti ya kan bushe a sama, amma cikinsa na nan yana fitar da tina a hankali. In aka rufe shi da kaki ko leda ko sitika tun bai gama ba, sai ya dushe ko ya yi ƙuraje. Masu yin fenti su kan ce a dakata daga wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irinsa, don haka ku tambayi mai fenti, ku kuma sa a karanta abin da kamfanin ya rubuta. Kafin lokacin ya cika, wanki da ruwa da tsumma mai laushi ya isa. Kada a ajiye ta ƙarƙashin itacen da tsuntsaye ke kwana. In an yi lodin tumatir ko taki, a shimfiɗa leda ko tabarma a ɗakin kaya, in an sauke kuma a ɗauraye shi a ranar.